Katakon da muke turawa murhu: yadda nake samun itace kyauta tsakanin Hotoro, Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi

1/
Jama'a, tambayar da aka fi yi min ita ce: "Malam, a ina kake sayen irin wannan katakon?" Amsar ita ce ba saya nake ba. Mafi yawan abin da na ƙera cikin shekaru shidan nan, tebur ne, benci ne, kantar littattafai ce, daga itacen da saura ƙiris ya shiga murhu na fitar da shi. Yau zan zayyana yadda abin yake dalla-dalla. Zaren yana da tsawo, a gyara zama.

2/
Ni ba haifaffen gidan kafintoci ba ne. Aikin albashi nake yi, kafinta kuma na koya da yamma a wajen wani dattijo a nan Hotoro, Allah ya saka masa. Lokacin da na fara, da kuɗin cefanen kwana biyu za ka je 'Yan Katako ta Na'ibawa ka ɗauko abin da za ka yi gwaji da shi, in ya lalace ka yi dariya. Yanzu wanda yake koyo ba ya iya lalata falanki ɗaya. Wanda kuwa ba ya lalatawa ba zai taɓa iyawa ba.

3/
Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Katakon kirki da muke aiki da shi a Kano, yawancinsa a kan tirela yake zuwa daga dazukan kudu, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba. Kuɗin mota yana cikin kuɗin kowane falanki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai da ke hawa mota ya tashi. Su kansu dazukan kullum ja da baya suke yi.

4/
A daidai wannan lokaci kuma, a cikin garin nan, duk farkon damina manyan bishiyoyi suna faɗuwa. Darbejiyar da ta shekara arba'in a tsaye, mutum biyu ba sa iya rungume ta, kafin la'asar an daddatsa ta gajeru-gajeru, an loda a a-kori-kura, ta tafi gidan burodi. Itacen da zai yi ƙofar da jika zai gada, cikin kwana uku ya zama toka. Wannan abin shi ne ya hana ni sakat.

5/
Kafin na ci gaba, a riƙe wannan: BA NA SARE BISHIYA MAI RAI. Ba kuma na sayen wadda aka sare domin a sayar min. Abin da nake bi shi ne wadda iska ta kayar, ko wadda ta bushe a tsaye, ko wadda mai gida ya riga ya samu izinin cirewa saboda ta fasa masa katanga. Tsakanin ceton itace da kashe bishiya akwai iyaka, kuma kuɗi kaɗan ne ke sa mutum ya tsallake ta.

6/
Ku duba sunayen unguwanninmu kawai. Tsamiyar Boka. Ɗanmarke. Giginyu. Kawo. Ga Kurna, ga Ɗorayi, ga Rimin Kebe. Duk sunayen itatuwa ne. Yanzu ka je Giginyu ka ƙirga giginyun da suka rage. Yaro ɗan sakandare a Hotoro zai iya kai ka Ɗanmarke ido rufe, amma ka ce ya nuna maka bishiyar marke, sai ya tsaya yana kallonka. Suna ya rage, inuwa ta tafi.

7/
Shi ya sa da ma'aikatar muhalli ta jihar Kano ta sanar a 2025 cewa ba a yarda a yi aiki da injin sare itace ba sai da rajista, kuma ba a sare bishiya sai da izini, ni ban ji haushi ba. Ta ƙara min zirga-zirga, gaskiya ne. Amma in ka ɗauko mai inji, ka tambaye shi takardarsa. In bishiyar a tsaye take, ka ga takardar mai gida da idonka. Kada kwaɗayin gungume ɗaya ya kai ka kotu.

8/
To, a ina ake samu?

Na farko, iskar farkon damina, daga Mayu zuwa Yuni. Ƙasa ta yi watanni a bushe, sai hadari ya taso da guguwa a gaba. Bishiyoyin da aka datse musu saiwa wajen haƙa kwata ko kafa harsashin shago, su ne ke fara zuwa ƙasa. Duk daren da aka yi irin wannan iska, ina idar da Asuba nake hawa babur: titin Maiduguri, in kutsa Tarauni, in ɓullo Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, in dawo ta Unguwa Uku.

9/
Me ya sa da Asuba? Saboda ba ni kaɗai nake nema ba. Masu gidan burodi suna nema. Masu faskare suna nema. Masu gawayi, masu tsire, masu dafa abincin biki, kowa ya baza kunne. Tun da gas ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma itace da gawayi, don haka bishiyar da ta faɗi yanzu kuɗi ce a kwance. In ka bari rana ta take, reshe ma ba za ka tarar ba.

10/
Ga sirrin da ya sa ba ma faɗa da su: abin da nake so daban, abin da suke so daban. Mai faskare ya fi son rassa masu kaurin cinya, waɗanda gatari zai ci da sauƙi. Babban gindin nan wahala ne a wajensa, kwana biyu zai yi yana fama. Ni kuwa gindin kawai nake so, ƙafa shida zuwa takwas daga ƙasa kafin ya rabu biyu. Sai mu yi sulhu: ni na biya mai inji, su kwashe rassa, ni na ɗauki gindi. Kowa ya tafi yana murmushi.

11/
Na biyu, gidajen da ake rushewa za a yi bene ko jerin shaguna. A tsofaffin gidajen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi akwai ƙofofi da tagogi da katakon rufi na wancan zamanin, lokacin da katako yake katako. Ya riga ya bushe shekara da shekaru. Ka cire ƙusoshi, ka goge fentin, sai ka ga jan itace yana sheƙi. Irinsa yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo.

12/
In gidan ƙasa ne, nemi azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri. Gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa za ka ga soron da ya haura shekara ɗari rufinsa yana nan. Ba ta yankuwa kamar falanki, zaruruwanta suna shiga hannu kamar allura. Amma in ka goge ta a hankali, baƙi da ruwan ƙasa a jere, tana yin ƙafar tebur da babu irinta a kasuwa.

13/
Na uku, akwatunan da ake kawo injuna a ciki, da falet, wato gadon katakon nan da ake ɗora kaya a kai. Wajen Bompai da Sharaɗa da Challawa ake samu, da wuraren masu sayar da tayil da janareto. Manyan kamfanoni sun waye, sayarwa suke. Amma ƙaramin ɗan kasuwa da akwati ya tare masa ƙofar shago, sau da yawa godiya zai yi maka in ka ɗauke.

14/
A nan a kula. Falet ɗin da ya tsallako daga ƙasar waje yana da hatimi a gefe. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, ba matsala. In ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, ni ba na ɗauka. Wanda kuma ka ga alamar mai ko wani sinadari ya zuba a kansa, ko yana wari, bar shi. Haka tsohon turken wutar lantarki na katako: an jiƙa shi da magani. Ba ya yin abin cin abinci, ba ya yin gadon yaro, ba a kuma hura wuta da shi.

15/
Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci: "kyauta" ba ta nufin "babu mai shi". Kowace bishiya a garin nan tana da mai ita. In a cikin gida take ko a ƙofar gida, ta mai gida ce. In a makaranta ce, akwai shugaban makaranta. In ta bakin titi ce, ta hukuma ce, ka fara da mai unguwa ya nuna maka hanya. Ganin abu a yashe ba ya halatta maka shi. Sallama da tambaya ba sa cin minti biyar.

16/
Akwai kuma inda ba na zuwa ko an kira ni: maƙabarta. Itacen da ya faɗi a maƙabartar Tarauni ko wata maƙabarta yana da aikinsa, da shi ake rufe kabari, kuma masu kula da wurin kullum cikin nemansa suke. Hasali ma in na samu rassa madaidaita da suka yi min yawa, can nake aikawa. Wata rana ni ma sai an nemo min.

17/
Yadda ake tambaya ma ilimi ne. Wata Hajiya a Gyaɗi-Gyaɗi, darbejiya ta faɗo mata a kan katanga, ta tare ƙofar gareji. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Ban ce "ki ba ni" ba. Na ce, "Hajiya, zan kawo mai inji da kuɗina, a buɗe miki hanya yau, a share wurin tas. Rassa naki ne. Gindin nake roƙo." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, me za ka yi da shi?" Na ce tebur.

18/
Ta yi shiru. Sai ta ce maigidanta ne ya dasa ta shekarar da suka tare, Allah ya jiƙansa. Bayan wata tara na koma mata da 'yar kujerar tsakar gida guda biyu daga jikin bishiyar. Ta daɗe tana shafa su ba ta ce komai ba. Daga wannan gidan kaɗai an haɗa ni da gida huɗu. Tun daga nan na mayar da shi ƙa'ida: duk wanda ya ba ni itace, sai wani abu daga jikinsa ya koma gidan, ko da maratayin mukulli ne.

19/
Sauran hanyar samun labari: mutanen da suke kwana a titi ko suke wuni a kai. Mai shayi, mai faci, mai gadi, ɗan Adaidaita Sahu, almajiran da ke share ƙofar gida. Na ba su lambata. Duk wanda ya kira ni kuma abin ya tabbata, yana da na goro. Wani mai shayi a kusa da Tsamiyar Boka ya fi kowace manhaja saurin kawo rahoto.

20/
Wane itace ne ya cancanci wahala?

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ita ce ta fi yawa. Asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin Turawa aka shigo da ita, aka fara dasa ta a Borno wajen 1928. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: dangin maɗaci ce. Cikinta ja ne, tana da nauyi, ƙwari ba sa son ta. Mun raina ta ne kawai don tana ko'ina.

21/
Maɗaci shi ne sarki. Shi ne Turawa ke kira mahogani na Afirka. In ka ji an ce tsohon maɗaci ya faɗi a wata tsohuwar ma'aikata ko gidan gwamnati, bar abin da kake yi ka tafi neman izini. Sai dai ka duba gindin da kyau, domin masu magani sun sha sassaƙe ɓawonsa, kuma ta wurin raunin nan ruɓa take shiga.

Mangwaro yana da taushin aiki da kyan zane, amma ƙwari suna son sa, sai an yi masa magani.

22/
Turare, dogon nan mai ƙamshin ganye, asalinsa daga Ostireliya. Miƙaƙƙe ne, sai ka yi murna. Amma yana tsagewa yana murɗewa wajen bushewa kamar mai aljanu. Yana yin turke da ƙafar benci, ba ya son a yi masa falanki mai faɗi.

Tsamiya da kanya da ƙirya da marke: tauri kamar ƙarfe, suna cinye bakin zarto. Ba banza ba ake sassaƙa turmi da ƙirya, maƙera kuma suke neman gawayinta. Ƙananan abubuwa nake yi da su.

23/
Wanda ba na ɓata man babur a kansa: kuka, domin cikinta kamar soso yake. Gwanda da zogale ba ma a maganarsu. Sai kuma reshe, komai kaurinsa. Reshe ya rayu a karkace yana ɗauke da nauyi, ranar da ka tsaga shi sai ya saki wannan gajiyar ya lanƙwashe. Bar wa masu faskare abinsu.

24/
Wani abu game da maɗobiya. Ita ce itacen da aka yi ta kwasa daga Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Chaina, har ta kai an saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun farkon 2017. In wani ya zo maka da sabon gungumen maɗobiya ya ce "iska ce ta kayar" a tsakiyar Kano, ka san da walakin. In a tsohuwar ƙofa ka same ta, wannan rabonka ne.

25/
Kafin ka kira mai inji, yi bincike uku. Ɗaya: buga gindin da bayan gatari. In ya amsa da ƙarfi, lafiya. In ya yi "bum" kamar ganga, cikinsa rami ne. Biyu: duba ƙasan, in ka ga hanyar gara ta hau, ka san ta riga ka. Uku: duba sama. In akwai wayar wuta a cikin rassan, ko an ce maka babu wuta, kada kowa ya taɓa sai ma'aikatan lantarki sun zo. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

26/
Bishiyar da ta faɗi ba ta gama faɗuwa ba. Wani reshen a danne yake kamar baka da aka ɗana, kana yankewa zai yi tsalle. Gindin da ya tuge da saiwarsa yana iya komawa ramin da zarar an rage masa nauyi. A kori yara daga wurin, da gaske nake. Mai inji ya sa takalmi, ba silifas ba. Babu teburin da ya kai ƙafar mutum.

27/
Sai babban abokin gabar itacen cikin gari: ƙusa. Bishiyar bakin titi a Kano allon talla ce. Mai lesin ya kafa, mai maganin basir ya kafa, ɗan takara ya kafa, mai shayi ya rataye fitila, wata ta ɗaura igiyar shanya da waya. Shekaru suna tafiya, itace ya haɗiye su. Ƙusa ɗaya tana iya kashe bakin zarto, ko ta fizgo haƙori ya yi kan mutum.

28/
Dabarata: mayen ƙarfen tsohuwar sifika, na ɗaura a zare ina bin jikin gungumen a hankali. Yana kama na kusa da ɓawo. Na can ciki kuwa, duba bakin yankan: in ka ga tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi, akwai ƙarfe a sama ko a ƙasan wurin. Daga tsayin gwiwa zuwa inda hannun mutum yake kaiwa, nan ne ƙusa ta fi yawa. Kuma ka faɗa wa mai injin gaskiya cewa itacen gari ne. In bakinsa ya karye, ku raba asara.

29/
Ɗauka. Kada ido ya ruɗe ka. Ɗanyen gungumen darbejiya mai tsawon ƙafa takwas da kaurin ƙafa ɗaya da rabi yana kai nauyin buhun siminti takwas. Ba aikin Adaidaita Sahu ba ne. Abin da nake yi, a tsaga shi biyu ko huɗu a tsaye tun a wurin da injin hannu, sannan majiya ƙarfi su ɗora a a-kori-kura. Daga nan sai wajen masu injin yanka a Na'ibawa su fitar min da falanki.

30/
Me ya sa ba a gama yankan da injin hannu ba? Saboda ɓarna. Duk wucewa ɗaya yana mayar da kusan kaurin ɗan ƙaramin yatsa ya zama dusa, ga shi ba ya miƙewa sosai, sai ka sake asarar wani wajen gogewa. Injin kasuwa bakinsa ya fi siriri. A gungume ɗaya, bambancin yana iya kai falanki guda cur. Dusar ma kada ka bari, masu kiwon kaji suna so.

31/
Abu biyu za ka gaya wa mai yanka. Na farko, ya ƙara kauri: in inci ɗaya kake so a ƙarshe, a yanka inci ɗaya da kwata, domin zai tsuke in ya bushe, gogewa kuma za ta ci nata. Na biyu, ya fitar da cibiyar itacen, wato tsakiyar nan da zoben shekaru suka kewaye. Duk falankin da cibiya ta zauna a cikinsa sai ya tsage. A yi tu-bai-tu da ita, ta yi aikin da ba a gani.

32/
Bushewa: nan ake gane mai haƙuri. Littattafan Turawa suna cewa shekara guda ga kowane inci na kauri. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. Mu a Kano matsalarmu akasin haka ce: hunturu yana busar da katako da gaggawa, waje ya bushe ciki yana jiƙe, sai ya tsattsage. Aikinka shi ne ka rage masa sauri.

33/
Ga yadda nake yi. Ranar da aka yanka, a shafe bakin kowane falanki biyu da ragowar fenti mai mai ko narkakken kyandir, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita. A cire ɓawo, nan ƙwari ke ɓuya. A jera bulo a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa guda saboda gara. Tsakanin falanki da falanki a sa siraran sanduna busassu, kowace a saitin ta ƙasanta. A ɗora bulo a sama ya danne. A inuwa, inda iska ke wucewa. Rana ba ta ganinsa.

34/
Ta yaya za ka san ya bushe ba tare da na'ura ba? Zaɓi falanki ɗaya, ka auna shi a sikelin masu sayar da kaji ko na 'yan gwangwan, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa. Duk sati biyu ka sake. Ranar da ka auna sau uku nauyin bai sauya ba, ya gama. A wajena, darbejiyar da aka yanka a Yuni mai inci ɗaya da kwata, zuwa Fabrairu ko Maris ta shirya. Mai kauri kuwa sai ta ga damina ta biyu.

35/
Ko ya bushe, katako yana numfashi. A watan Agusta zai sha danshi ya kumbura ta faɗinsa, a Maris ya tsuke. Shi ya sa ƙofar da aka yi da rani take cijewa da damina. In kana haɗa saman tebur, bar masa 'yar hanyar motsi, kada ka ɗaure shi tamau ta ko'ina. Wannan dattijon da ya koya min yakan ce itace bai san ya mutu ba.

36/
To, da gaske kyauta ne? Itacen kyauta ne. Amma akwai kuɗin mai inji, da na mota, da na masu ɗauka, da na yanka, da goron wanda ya kawo labari, da wata takwas na jira. In na haɗa lissafi, yawanci yana tsaya min ƙasa da rabin abin da zan biya a kasuwa. Wani lokacin kuma ka buɗe gungume ka tarar da rami, kuɗinka ya tafi. Wanda yake da odar da zai kai jibi, ya tafi Na'ibawa kawai. Wannan hanyar ta mai tara wa baɗi ce.

37/
Abin da ya fi rangwamen kuɗi a wajena shi ne yara uku da ke zuwa koyo ranar Asabar da Lahadi. Guntayen da suka rage nasu ne. Su yanka, su karkace, su sake. Ɗayansu ya yi allon yanka albasa da guntun mangwaro, ya shafe shi da man kaɗe, ya sayar wa maƙwabciyarsu. Kuɗin farko da hannunsa ya taɓa kawo masa ke nan. Da katakon saya ne, da ban bar shi ya taɓa zarto ba.

38/
Akwai jarrabawa a cikin harkar nan, kuma gara na faɗa. Da zarar an san kana karɓar itace, za a fara kiranka: "Akwai wata a ƙofar gidanmu, ganye take zubar mana, zo ka cire." Wani ma dillali ne, bishiyar layinsu zai sayar maka. Na je irin wannan kiran a Hotoro, na tarar da darbejiya lafiyayya, mai faci a ƙarƙashinta, tsofaffi uku a kan benci. Na ce a yi mata aski kawai. Mutumin ya ji haushi. Har yau tana nan.

39/
Lissafin a fili yake. Tebur ɗaya gida ɗaya yake amfana. Inuwa ɗaya layi guda take amfana, a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Ba zai yiwu ana dasawa a Makoɗa da Ɗambatta, mu muna tugewa a Tarauni don mu yi kujera ba.

40/
Don haka duk gindin da na ɗauka, ina mayar da dashe biyu a wurin ko kusa da shi, in mai gida ya yarda. Kuma ba dasawa ce wahalar ba, raino ne. A kewaye shi da kwando ko tsohuwar taya da ƙaya saboda awaki, a samu yaron da zai riƙa ba shi ruwa ranin farko. A nisanta shi da katanga da kwata kamar taku biyar, don kada bayan shekara ashirin wani ya ce ya fasa masa gini. In da hali a sa maɗaci ko tsamiya, kada kullum darbejiya.

41/
Roƙona ga masu gidaje da shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai: in bishiya ta faɗi a wajenku, kafin a daddatsa ta, ku ce wa mai inji ya bar gindin da tsawonsa, ƙafa shida ko takwas. Ku kira kafintan unguwarku, ba sai ni ba. Makarantar da yara ke zaune a ƙasa, gindin darbejiya ɗaya yana iya ba ta benci huɗu ko biyar. Rassan sun ishi murhu.

42/
Ga 'yan'uwana kafintoci matasa kuma: hadari ya kusa fara haɗuwa. Ku tanadi bulo takwas, da ragowar fenti, da lambar mai inji mai takarda, da wani lungu mai inuwa a gida. Ku gaisa da mai shayin layinku. Wanda ya jera falanki a Yunin bana, shi zai yi aiki da katakon kansa a Maris mai zuwa.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya bayan Isha'i in sha Allah. Allah ya sa wa sana'armu albarka.